Abin da Teku Ya Kawo wa Hessel

A tsibirinmu idan ka tambayi dattijo shekarar da aka haife shi, da wuya ya faɗa maka lamba. Cewa zai yi shekarar katako, ko shekarar man shanu, ko kaɗan bayan shekarar lemo. Teku ne ke raɗa wa shekarunmu suna, gwargwadon abin da ya amayo mana a gaɓa. Shi Hessel Wiegman a shekarar kwal aka haife shi, ranar da wani jirgin dakon kwal ya farfashe a arewacin tsibiri, kuma mahaifinsa bai leƙa fuskar jaririn ba sai da ya gama kwasar rabonsa. Mai jego ba ta yi fushi ba. Da zama ya yi a gida yana riƙe mata hannu maƙwabta na can suna cika buhuna, a nan ne za a ji kansu.

Akwai doka, ba a ce babu ba. Dokar ta ce duk abin da teku ya kawo na mai shi ne, wanda ya tsinta ya kai wa wakilin gaɓa ya adana har mai shi ya zo nema. Doka ce mai kyau, muna girmama ta ƙwarai, bin ta ne dai bai cika zo mana da sauƙi ba. Yawancin mutane kan kai wa wakili ɗan abin da ba sa so, karyayyen benci ko tsohuwar taya, don a zauna lafiya. Gidan Wiegman kuwa ko ƙusa. Kakan Hessel bai kai ba, mahaifinsa bai kai ba, shi ma ya bugi ƙirji a bencin maƙaryata, inda tsofaffi ke zaman hira a bakin tashar jirgi, ya ce har ya shiga kabari hukuma ba za ta ga ko tsinke daga hannunsa ba. Ba shi da wata dukiya, bai yi boko mai zurfi ba, aikin kafinta ya yi har gwiwoyinsa suka gaza. Wannan sunan shi ne abin da ya mallaka, kuma yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da gonakinsu.

Wakilin gaɓa kuwa Gosse Terpstra ne, dogo siriri mai hular hukuma, wanda suka zauna benci ɗaya da Hessel a firamare. Tun suna samari Gosse ya karɓi aikin, tun lokacin kuma yake farautar Hessel. Duk bayan hadari sai ya zo bincike. Ya hau soro, ya buɗe rumbun dankali, ya ƙwanƙwasa bango, ya zauna ya sha kofin matar gidan, ya tafi hannu rabbana. Akurkin kaji ne kawai ba ya shiga, don gashin kaza na sa shi atishawa har idanunsa su kumbura. A ƙarƙashin akurkin nan kuwa ramin yake, wanda kakan Hessel ya haƙa, aka rufe da katako aka baza ciyawa a kai.

"Sai wani hadarin, yallaɓai," in ji Hessel idan yana raka shi ƙofa.

"Rana na zuwa, Wiegman."

"Ka zo da ita, mu sha kofi tare."

Hessel ya ga canji da idonsa. Yana yaro abin da teku ke kawowa na maƙwabta ne, katako daga ƙasashen arewa, gangar man shanu, akwatin kyandir. Sai jirage suka yi ta girma har suka koma kamar unguwanni, kaya suka shige cikin kwantena, duniya kaf ta riƙa wucewa ta bayan gidajenmu a kan hanyarta ta zuwa manyan tashoshin jiragen ruwa na Rotterdam da Hamburg. Idan iska ta kaɗa da ƙarfi sai a zubo mana kaɗan. A shekarar takalma ƙafar hagu zalla ta sauka a tsibirinmu, ƙafar dama ta sauka a tsibirin da ke gabas da mu, sai da aka sa rana aka haɗu aka yi musaya. A shekarar ayaba har tumaki sun ci sun gaji. Hessel bai taɓa wuce birnin Groningen da ke tsallake ba, amma kujerar da yake zama daga China take, tabarmar ƙofa daga Indiya, kuma matarsa Neeke ta yi shekaru tana wanke kai da wani sabulu da ba wanda ya iya karanta rubutun jikinsa.

Neeke mace ce gajera mai kaifin baki, 'yar masu gidan burodi. Ranar da ya je neman aurenta agogon bango ya kai mata, wanda gishiri ya cinye cikinsa. Har yau yana rataye a kicin, bai taɓa motsi ba. Takan ce tun ranar ta san irin mijin da ta samu, kyan gani da taurin kai.

Abin alfaharinsa na fili shi ne shingen gidansa. Al'adarmu ce mai tsintuwa ya rataya gorunan roba, irin waɗanda masunta ke ɗaura wa raga, a jikin shingensa. Su hukuma ba ta damu da su ba. Na Hessel ya fi na kowa, ja da shuɗi da rawaya tun daga ƙofa har kwana, kuma kowace gora ya san daga ruwan da ta fito. Masu yawon buɗe ido kan tsaya su ɗauki hoto, shi kuma ya fito kamar bai gan su ba yana gyara abin da bai lalace ba.

To, a kakar da nake ba da labari iskar arewa maso yamma ta kwana tana dukan tagogi. Gari na wayewa Hessel ya tayar da tsohuwar taraktarsa ya nufi gabas, inda ruwa ke yawan ajiye kaya. Bai yi nisa ba ya hango wani tuli a bakin ruwa, raga ce ƙunshe da kaya, an ɗaure ta da jarkoki marasa komai a ciki don kada ta nutse. Abin da ya fara ɗauke masa ido igiyar ce. Shuɗiya, sabuwa fil, mai kauri kamar babban yatsa, irin wadda mutum zai yi shekara goma yana yawon gaɓa bai samu ba. Sai kuma wata 'yar gora mai launin ruwan lemo a ƙarshen igiyar, da ɗan tsinke a kanta da wata 'yar fitila mai ƙiftawa. Bai taɓa ganin irinta ba, nan take ya san inda zai rataye ta.

Cikin ragar ƙunshe-ƙunshe ne masu siffar bulo, an naɗe su tam da baƙar leda, kowanne da hoton kunama a kai. Hessel ba yaro ba ne, yana kallon labarai, kuma wani abu ya ɗan taɓa masa zuciya. Da ya sami ko ɗan lokacin tsayawa ya yi tunani, wataƙila da labarin ya ƙare a nan. Amma yana ɗaga kai ya hango motar Gosse can nesa tana tafe a kan yashi. Hannuwansa ba su nemi shawararsa ba. Abin da suka saba yi tun yana ɗan shekara bakwai shi suka yi, kafin ka ce me kaya na bayan tarakta an lulluɓe da tamfol, ya yanki hanyar cikin tudun yashi. Kafin Neeke ta ɗora ruwan kofi komai ya shige rami, kaji sun koma kan ciyawarsu, gorar lemo kuma tana rataye a jikin ƙofar shinge, wurin da ya fi kowane fitowa.

"Me aka samo?" in ji Neeke tana yanka burodi.

"Igiya."

"Igiya ce ta sa kake haki kamar wanda kare ya koro?"

Ya ɗauko ƙunshi ɗaya da ya ɓoye a rigarsa ya ajiye a tebur. Ta sa wuƙar burodi ta ɗan ɓarka gefe, farin gari ya leƙo. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta je ta wanke wuƙar sau biyu.

"Guda nawa?"

"Da ɗan dama."

"Hessel, hodar ibilis ka kawo mini gida ka sa a ƙarƙashin kajina?"

"Ai ban san ko ita ba ce."

"A'a, fulawa ce. Mutanen kirki ne suka ɗaura mata jarka suka aiko wa marayu." Ta zauna ta harɗe hannu. "Wanda ya noma ganyen yana can kan duwatsun Kudancin Amurka, bai taɓa ganin teku ba. Wanda zai shaƙa yana can birni, bai taɓa ganin gona ba. Kai da ba ka san ko ɗaya ba, kai ne ka ga ya dace ka shiga tsakani. Sha kofinka ka kai wa Gosse."

"Gosse?"

"Akwai wani wakilin gaɓa da ban sani ba?"

Ya ce zai mayar teku. Ta ce teku ya riga ya nuna ba ya so, gobe zai sake tofo shi a inda yara ke wasa. Ya ce zai ƙona. Ta ce ya ƙona, tsibiri kaf ya kwana yana rawa. Ya ce to a ba shi lokaci ya yi tunani, ta ce tunanin da bai yi a gaɓa ba. Gaskiyar magana tsoron ɗauri bai dame shi ba kamar abu ɗaya: ya tsaya gaban Gosse Terpstra ya ce ga abin da na tsinta. Yana tuna wannan sai ya ture burodin gefe.

Kwana biyu yana tunanin. A cikinsu labari ya cika gari, don an sami irin ƙunshin a wasu tsibirai, 'yan sanda sun zo daga tsallake suna taje gaɓa. A bencin maƙaryata kowa ya zama masani. Aka ce a tsakanin kayan ayaba ake ɗauko ta, idan babban jirgi ya kusa tashar da ake bincike sai a jefo ta ruwa, ƙaramin jirgi ya zo ya tsince, wannan karon hadari ne ya riga su.

"Ashe su ma 'yan tsintuwa ne," in ji wani.

"Amma ta yaya suke gane wurin a cikin wannan uban ruwa?"

"Oho. Hessel, kai da ka fita da sassafe, ba ka ga komai ba?"

"Na ga Gosse," in ji Hessel. "Ya ɓata mini safiya."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ba ta kai ciki ba.

Rana ta uku da hantsi baƙi biyu suka sauka daga jirgin fito. Lokacin baƙi ya wuce, kuma ba wanda ke zuwa tsibirinmu da kaka sanye da farin takalmi, saboda haka kafin su gama hayar kekuna rabin gari ya san da zuwansu. Ɗaya mai gemu ne, ɗayan siriri da waya a hannu yana ta dubawa. Ba su nufi gaɓa ba, ba su nufi coci ba. Suka bi layi suka yi kwana suka ja birki daidai ƙofar Hessel.

Da wani mai hankali ne, da ya sha jinin jikinsa. Hessel kuwa ya ga mutane sun tsaya suna kallon shingensa, sai ya fito da guduma yana gyara abin da bai lalace ba.

"Sannu da aiki, Baba," in ji mai gemu. "Wannan duk naka ne?"

"Na teku ne, ajiya ya ba ni."

Ya kama su ya zagaya da su tun daga kwana. Wannan ta Faransa ce, waccan ta Ingila, wannan shuɗiyar sai da ya shiga ruwa har ƙirji ya kamo ta. Baƙi suna ta gyaɗa kai, idonsu na kan ƙofa. Da aka zo kan gorar lemo har ya tsaya ya gyara murya.

"Wannan kuwa sabuwa ce. Duk tsibirin nan ba mai irinta. Kun ga fitilar? Ba ta mutuwa."

"Ka sayar mana mana, Baba."

"Ba a sayar da abin shinge."

Neeke ta leƙo ta ce a shigo a sha kofi, don a garinmu ba a barin baƙo a tsaye a ƙofa ko da kuwa mai karɓar haraji ne. Suka zauna a kicin ƙarƙashin agogon da ba ya motsi. Ta zuba musu, ta tura musu farantin biskit.

"A ina ka same ta, Baba?" in ji siririn. "Ba wani abu tare da ita?"

Nan fa aka zo fagen Hessel. Tambayar nan ya yi rayuwarsa yana amsa ta, kuma bai taɓa amsa ta da gaskiya ba. Ya ce can yamma, ita kaɗai, igiyarta a tsinke, ga alama duk abin da ke jikinta ya wuce ƙasar Jamus. Ya faɗa da irin fuskar da ya saba nuna wa Gosse, har yana jin daɗin kansa. Sai dai waɗannan ba su yi dariya sun ce rana na zuwa ba. Mai gemu ya ajiye kofinsa a hankali, ya juya ya dubi Neeke yana murmushi.

"Mama, ku biyu ne kawai a gidan nan?"

"Da kaji," in ji ta.

"Na ga ƙofarku ko sakata babu. Ba ku tsoro?"

"Tsoron me?"

"Haka ne. Wuri mai lafiya." Ya miƙe. "Baba, ka sake tunawa da kyau, tsufa kan sa mantuwa. Za mu zagayo da yamma."

Hessel ya raka su har shinge. A nan ne ya ga wayar da ke hannun siririn, taswira ce a kai da wani ɗigo yana ƙiftawa daidai da ƙiftawar fitilar gorarsa. Sai yanzu ya sami amsar tambayar da aka yi a benci. Da hannunsa ya rataya wa masu kaya alama a ƙofar gidansa, har yana yi musu tallarta.

Ya koma ciki yana shirya abin da zai ce don ya rage wa kansa laifi, sai ya tarar da Neeke durƙushe ta zazzage durowar kabad a ƙasa. Maɓallai, kyandir, tsofaffin tabarau, zare. Tana ta tonawa.

"Me kike nema?"

"Makullin ƙofa."

"Muna da shi?"

"Mahaifiyarka ta ba ni ranar da na tare. Na ajiye shi wani wuri." Ba ta ɗago ba. "Ban taɓa sa shi ba, ban san ma ko yana juyawa ba."

Ta jawo wata durowar ta zazzage. Matar da ta taɓa korar bijimin maƙwabci daga lambunta da tsintsiya, matar da ba ta taɓa rasa amsa ba, ga ta a ƙasa tana neman makulli ba ta ko yi masa faɗa. Da zaginsa ta yi da ya sami abin riƙewa. Kunya ta rufe shi, da wani tausayi da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ya tsaya yana kallonta, ya ga sunan da yake ta tattali bai kai wannan tsoron nata ba.

"Tashi ki je gidan ƙanwarki," ya ce. "Ki bi ta baya."

"Kai fa?"

"Zan je in kashe kaina a bainar jama'a."

Bai buga waya ba. Ya ce idan za a yi abin kunya a yi shi a tsaye. Ya ciro gorar lemo ya saƙale a hammata, ya hau kekensa ya bi ta tsakiyar gari. Ofishin wakilin gaɓa yana kallon bencin maƙaryata, kuma benci a cike yake. Da suka ga Hessel Wiegman ya jingine keke a ƙofar da bai taɓa taka ba, da kaya a hammata, hira ta tsaya cak. Wani tsoho har ya cire hula.

Gosse na zaune yana cin burodi da cuku. Ya dubi gorar, ya dubi Hessel.

"Lafiya, Wiegman? Ɓata hanya ka yi?"

"Na zo kawo tsintuwa."

"Ban ji ba. Iska ta taɓa mini kunne."

"Na ce na zo kawo tsintuwa, ɗan nema. Ka ji, su ma na waje sun ji."

Gosse ya goge baki, ya ɗauko hular hukuma ya sa, ya gyara mata zama. Ya buɗe baki zai faɗi maganar da ya yi shekaru yana tanadi, sai ya lura da fuskar mutumin. Ya rufe ƙofa. Hessel ya faɗa masa komai, ragar da kunamar da baƙin da makullin. Ramin ne kawai bai ambata ba, ya ce kayan suna gida.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Tsibiri ƙofa ɗaya gare shi, jirgin fito, kuma matuƙinsa ɗan kawun Neeke ne. Baƙin sun ga ɗigonsu ya tashi daga shinge ya je ya zauna a ofishin hukuma, suka ga babu alheri, suka yar da kekuna suka shige jirgi. Sai injin ya kamu da wani ciwo da ba a gane kansa ba, bai warke ba sai da 'yan sandan da ke gaɓa suka iso. An ce mai gemu har tambaya ya yi ko akwai wata hanyar fita, aka nuna masa teku.

Da la'asar Gosse ya zo gidan da wata 'yar sanda daga tsallake, matashiya mai fuskar aiki. Neeke ta riga ta dawo ta ɗora kofi. Hessel ya tsaya a tsakar gida, yanzu ya rage masa abu mafi ciwo, ya nuna ramin kakansa da yatsansa. Yana cikin neman ta inda zai fara, sai Gosse ya wuce shi. Bai kalli soro ba, bai kalli rumbun dankali ba. Kai tsaye ya buɗe akurki ya sunkuya ya shiga, ya kore kaji da hularsa, ya share ciyawa da ƙafa, ya sa yatsa a ɗan ramin da ke katako na uku ya ɗaga.

Ko atishawa ɗaya bai yi ba.

Aka yi ta fito da ƙunshe-ƙunshe ana jerawa a kan tamfol. Gosse ya yi wa 'yar sandan bayani da muryar ofis, ya ce dattijon nan ya ɗauke kayan ne daga inda yara ke wasa ya adana, da ya tabbatar da abin da ke ciki kuma ya kawo rahoto da ƙafarsa. Ta dubi Hessel ta dubi kajin, ta ce za a sake kiransa ya yi bayani a tsallake, kuma nan gaba ya bar abu inda ya gan shi. Sannan ta ɗaga ragar ta juya.

"Ba igiya a jiki? Me ya haɗa ta da gorar?"

A daidai lokacin igiyar na miƙe a bayan gida daga bishiya zuwa bango, da zanen gadon Neeke a kai. Gosse ya saki wata atishawa da ta sa kaji suka watse.

"Ranki ya daɗe mu fita daga nan," ya ce yana share ido. "Gashin kaza kashe ni yake yi."

Da motar 'yan sanda ta tafi, Gosse ya tsaya shan kofinsa kamar kullum. Hessel bai zauna ba.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina mini hankali, Terpstra. Ramin."

Gosse ya hura kofi. "Tun shekarar man shanu. Kajinka sun yi wata guda suna ƙyalli."

"Atishawar fa?"

"Ina da kaji goma sha a gida, Hessel. Ka taɓa zuwa ka gani?"

Hessel ya juya ga matarsa. Neeke ta ci gaba da goge tebur.

"Ke ma kin sani?"

"Kowa ya sani, tsoho. Kai kaɗai aka bari, don ka fi kowa jin daɗin abin."

Ya sami kujerar China ya zauna. Da safe ya yi tsammanin sunansa zai rasa, ya kuma haƙura. Bai san sunan ma ba shi ya gina shi ba. Duk tseren nan a tudun yashi, duk cika bakin nan a benci, ashe ɗaga masa ƙafa ake yi. Ransa ya ɓaci sosai, ya rasa kuma wanda zai yi fushi da shi.

"Don me?" ya ce. "Aikinka ne. Da ka kama ni da an ƙara maka girma."

Gosse ya juya kofin a hannunsa. "Ka tuna hunturun da babana bai dawo daga kamun kifi ba? Muna aji huɗu. Babu itace a gidanmu, innata tana ƙona ƙafar kujera. Kullum da safe sai mu tarar da katakon teku a ƙofa, an faskara an ɗaure. Ba a taɓa cewa ga mai kawowa ba. Wata rana na tashi da wuri na leƙa ta taga." Ya kurɓa. "Wandonka ya yi maka yawa a lokacin, kana tafe kana jan shi."

"Babana ne ya aike ni."

"Na sani. Daga wane rami kake tsammani ya fito?"

 Neeke ta juya baya tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Gosse ya miƙe ya sa hularsa, Hessel ya raka shi har shinge, inda ƙusar gorar lemo ke tsaye babu komai a kanta.

"An ce iska za ta juya arewa ranar Laraba," in ji Gosse yana kallon sama. "Ni ta yammacin tsibiri zan fara dubawa. Kullum ta can nake farawa, gabas sai daga baya."

Hessel ya buɗe baki zai ce sai wani hadarin, yallaɓai, maganar ta ƙi fita. Ya kama hannun rigar mutumin ya riƙe, kamar yadda yara ke yi a hanyar makaranta, ya daɗe bai saki ba.